Yadda Ake Dawo da Saƙonnin Imel Daga Kwafin Ajiya Bayan Akwatin Saƙo Ya Lalace

Wata rana a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi yake kan ganiyarsa kuma wuta take yawan ɗaukewa da tsakar rana, wani Alhaji mai shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Lome ya aiko a kira ni zuwa ofishinsa da ke kusa da babbar kasuwa. Na tarar da sakatariyarsa ta yi tagumi a gaban kwamfuta, Outlook, manhajar da suke karɓar imel da ita, ya ƙi buɗewa, sai wani ɗan rubutu da yake ta fitowa yana cewa an sami kurakurai a fayil ɗin bayanai. A cikin wannan fayil guda ɗaya ne wasiƙun shekara da shekaru suke kwance: rasiɗai, takardun lodin kaya, cinikin da aka ƙulla da masu kaya a Dubai da ƙasar Sin, da amsoshin wakilin da yake fitar masa da kaya a kwastan. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, takardun nan nake so, ko nawa ne zan biya." Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin maganar kuɗi ina so in san abin da aka taɓa tun da abin ya faru." Sakatariyar ta ce ita dai da ta ga rubutun sau biyu, sai ta rufe komai ta ɗauke hannunta. Wannan ɗauke hannun da ta yi shi ne ya ceci wasiƙun.

Na fara da wannan labari ne domin a iya abin da na gani a ofisoshin ƴan kasuwa da ƙungiyoyi da makarantu a garin nan, lalacewar fayil ba kasafai take cinye saƙonni gaba ɗaya ba. Abin da ya fi cinye su shi ne gyaran gaggawa, inda wani zai goge asusun ya sake ɗora shi, ko ya ɗauko tsohon kwafin ajiya ya danne sabon fayil da shi, ko ya sake girka Windows dungurungum, garin neman gira a rasa ido. Saboda haka duk matakan da za su biyo baya a kan ƙa'ida ɗaya suka tsaya: ba a yin aiki a kan fayil na asali, kuma ba a danne wani fayil da wani.

Kafin a taɓa komai

Da zarar an lura saƙonni sun ɓace ko manhajar ta ƙi buɗewa, a rufe manhajar, sannan a katse intanet daga kwamfutar, ko ta hanyar kashe wifi ko zare waya ko cire haɗin da aka yi da wayar salula. Dalilin katse intanet yana buƙatar ɗan bayani, domin a kansa mutane da yawa suke yin asara. Hanyoyi biyu ne manhajar imel take bi wajen karɓo saƙo. A tsarin POP, manhajar tana sauko da saƙon ta ajiye shi a kwamfuta, kuma a saitin da Outlook da Thunderbird suke zuwa da shi, kwafin da ke kan saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatin, yana gogewa bayan kwana 14. A tsarin IMAP da na Exchange kuwa, ainihin akwatin yana kan saba, abin da ke kwamfuta inuwarsa ce kawai, kuma duk abin da ya faru a gefe ɗaya sai ya faru a ɗayan. Ma'ana, idan saƙonni sun ɓace a kan saba, to kwamfutar da ba ta hau intanet ba tun kafin ɓacewar tana iya zama ita kaɗai ce ta rage da su a duniya, kuma a minti na farko da ta hau, za ta goge nata domin ta yi daidai da saba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka jefa cikin durowa, ko wayar da aka daina amfani da ita, a kunna su ba tare da intanet ba, a duba abin da ke ciki tukuna.

Ana gane irin asusun da ake da shi a Outlook ta shiga Fichier, sannan Paramètres du compte, inda za a ga an rubuta POP ko IMAP ko Exchange a gaban adireshin. Na kawo sunayen da Faransanci ne saboda yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da shi suke, wanda tasa take da Ingilishi, kamar waɗanda ake sayowa daga Kano ko Katsina, zai sami maɓallan a wurare guda.

Mataki na gaba shi ne a nemo fayil ɗin a kwafe shi. Outlook yana ajiye saƙonnin POP da tsofaffin wasiƙun da aka adana a fayil mai ƙarshen suna .pst, wanda galibi yake cikin Documents, a dosiyen Fichiers Outlook. Inuwar akwatin Exchange, da ta IMAP tun daga Outlook 2013, tana cikin fayil mai ƙarshen .ost, kuma ana isa wurinsa ta rubuta %localappdata%\Microsoft\Outlook a layin adireshi na mai binciken fayiloli. Thunderbird kuwa komai nasa yana cikin %appdata%\Thunderbird\Profiles, kuma abin da ya dace shi ne a kwafe wannan dosiye gaba ɗayansa, kada a tsaya zaɓe. A yi kwafi biyu. Ɗaya a sa masa suna da kwanan wata a ajiye shi a wani faifai na waje, ba za a sake buɗe shi ba sai idan komai ya ƙwace. Ɗayan shi ne na aiki.

A nan akwai wani tarko da nake yawan gani. Yawancin ƙananan kile na USB suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, sai mutum ya ga kile mai gigabait 32 babu komai a ciki amma kwamfuta tana cewa fayil ya yi girma. Maganinsa shi ne a sake tsara kilen zuwa exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki domin sake tsari yana share komai. Akwai kuma kile na jabu masu arha da suke nuna girman da ba su da shi, suna karɓar fayil kamar lafiya lau alhali abin da ya wuce ainihin cikinsu ya tafi a banza. Bayan kowane kwafi, a gwada girman fayil na asali da na kwafin, lamba da lamba, har zuwa bait na ƙarshe.

Idan kwafin ya tsaya a tsakiya yana cewa ba a iya karanta wani sashe ba, ko faifan kwamfutar yana wani ƙas-ƙas, to ciwon ya wuce na fayil, faifan ne yake mutuwa. A kashe kwamfutar nan take. Irin wannan faifai sai wanda ya iya aiki da manhaja irin su ddrescue ya ɗauki hotonsa gaba ɗaya, wato cikakken kwafin duk abin da ke kansa, zuwa wani faifai lafiyayye, daga nan a ci gaba da aiki a kan hoton, domin kowace awa da aka ƙara ana juya faifan da ya fara lalacewa tana rage abin da za a samu.

A leƙa saba tukuna

Kafin a shiga wahalar gyara, a ɗauki wata na'ura dabam a shiga akwatin ta burauza. Sau da yawa, musamman ga masu IMAP, za a tarar komai yana nan daram, inuwar ce kawai ta lalace. In kuwa an tarar babu, a duba kwandon shara da sauri, domin kowane kamfani yana da wa'adinsa. Gmail yana riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, kuma a asusun Google Workspace na ma'aikata, mai kula da asusun yana da ƙarin kwana 25 da zai iya dawo da abin da aka share. Yahoo, wanda har yau mutanenmu da yawa suke riƙe da tsohon adireshinsa, kwana 7 kawai yake bayarwa, kuma buƙatar dawo da saƙonni da ake cikewa a shafinsa na taimako ita ma saƙonnin da suka ɓace cikin kwana 7 take shafa. A Exchange na Microsoft 365, abin da aka share daga kwandon shara yana zama kwana 14 a wani ɓoyayyen wuri, sai dai idan mai kula da tsarin ya ƙara wa'adin zuwa 30, kuma ana isa gare shi daga cikin kwandon sharar ta maɓallin dawo da abubuwan da aka share. Wanda kuma adireshinsa na kamfaninsa ne, ya kira masu riƙe masa da shafin a ranar, ya tambaye su kwafin ajiya na wace rana suke da shi, ya kuma roƙe su su dawo da shi cikin wani akwati dabam, kada su ɗora shi a kan wanda ake amfani da shi.

Idan Outlook ne

Ga mai fayil na .ost wanda ya tabbatar saƙonninsa suna kan saba, aikin ba shi da yawa: a rufe Outlook, a sauya wa fayil ɗin suna, a sake buɗe Outlook da intanet, zai gina sabo da kansa. Sai dai a lura da dosiyoyin da aka rubuta wa Cet ordinateur uniquement a gaban sunansu, waɗanda galibi na adireshin mutane ne da kalanda, domin su ba su da kwafi a saba, cikin wannan fayil kaɗai suke. Haka nan fayil na .ost a ɗaure yake da asusun da ya haife shi, ba a ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfuta kamar .pst. Saboda haka idan Outlook yana iya buɗewa ko da da ƙyar, a fara ƙirƙirar sabon .pst a kwashe abin da ake so zuwa cikinsa, ba tare da intanet ba, kafin a taɓa asusun. Goge asusu daga Outlook yana tafiya da fayil ɗinsa na .ost, kuma wannan kuskure ne mai wuyar gyaruwa.

Mai .pst da ya lalace kuwa yana da abubuwa biyu a hannunsa, kuma dukansu zai yi amfani da su: kwafin ajiya, wanda lafiyayye ne amma ya tsufa, da fayil ɗin da ya lalace, wanda shi kaɗai ne yake ɗauke da wasiƙun kwanakin baya-bayan nan. A fara da kwafin ajiyar. A kwafe shi daga faifan waje zuwa cikin kwamfutar, a sa masa suna dabam da na fayil ɗin da ake amfani da shi, misali a ƙara kalmar "ajiya" da kwanan watan da aka yi shi. Kada a buɗe shi kai tsaye daga kile, domin Outlook yana rubutu a cikin duk .pst da ya buɗe, kuma girgizar da za ta motsa kilen ko ɗaukewar wuta tana iya lalata kwafin ajiyar shi ma. Idan daga faifan CD ko DVD aka ɗauko shi, a shiga Propriétés a cire alamar Lecture seule, in ba haka ba Outlook zai ƙi shi. Sannan a shiga Fichier, Ouvrir et exporter, a zaɓi buɗe fayil ɗin bayanai na Outlook. Zai bayyana a gefen hagu da dosiyoyinsa, kusa da akwatin yanzu, ba tare da ya taɓa komai ba.

Na fi son wannan hanya a kan shigo da komai lokaci guda, domin tana ba mutum damar ya gani da idonsa kafin ya haɗe. Ya buɗe dosiye ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kwanan watan saƙo na ƙarshe, ya san daidai inda kwafin ajiyar ya tsaya. Bayan ya gamsu, yana iya jan saƙonnin zuwa sabon akwati da hannu, ko ya bi ta Importer/Exporter ya zaɓi Ne pas importer les doublons domin kada kowace wasiƙa ta fito biyu-biyu.

Sai a koma kan kwafin aiki na fayil ɗin da ya lalace. Microsoft yana haɗo wata ƙaramar manhajar gyara tare da Outlook na gargajiya, sunanta scanpst.exe, kuma a Office 2016 da waɗanda suka biyo bayansa galibi tana cikin C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16, ko a Program Files (x86). A rufe Outlook, a buɗe ta, a nuna mata kwafin aikin, a bar ta ta bi matakanta guda 8. Idan ta gama za ta faɗi abin da ta samu ta nemi izinin gyara, kuma akwai wani ɗan akwati na yin kwafi kafin gyara wanda bai kamata a cire masa alama ba, shi ne yake samar da fayil mai ƙarshen .bak, wanda ke buƙatar sarari a faifai daidai girman na asali. Babban fayil yana iya cin awoyi, har manhajar ta yi kamar ta sandare. A ƙyale ta. Abin da ya kamata a tanada shi ne wuta: a yi aikin a kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken batir, ko a kan ondila mai riƙe caji, ko a lokacin da janareta ko sola suke aiki, domin wutar da ta ɗauke ana tsakiyar gyara tana barin fayil cikin halin da ya fi na da muni. A ofishin Alhaji sai da muka jira la'asar ta yi sanyi, aka tayar da janareta, sannan muka fara.

Ba a cika gamawa a zagaye ɗaya ba. A sake maimaitawa har sai manhajar ta daina samun kurakurai, ko ta riƙa kawo sakamako iri ɗaya. Sannan a buɗe fayil ɗin da aka gyara a Outlook kamar yadda aka buɗe kwafin ajiya. Saƙonnin da manhajar ta tsinto amma ta kasa sanin dosiyensu tana tara su a wani dosiye na tsintuwa, a duba shi da kyau. Ya kamata a sani cewa scanpst tsarin fayil take gyarawa, kuma abin da ta kasa fahimta tana yar da shi, shi ya sa fayil na .bak yake da daraja: ana iya kwafe shi, a sauya ƙarshen sunan zuwa .pst, a gwada shigo da abin da ke ciki, wani lokaci a sami wasiƙun da gyaran ya zubar.

Fayil ɗin da aka gyara ba wurin ci gaba da zama ba ne. A ƙirƙiri sabon .pst, a kwashe komai zuwa cikinsa, daga kwafin ajiya da kuma daga wanda aka gyara, a mayar da shi wurin da sababbin saƙonni za su riƙa sauka. A kuma dubi girma. Tsohon tsarin .pst na Outlook 97 zuwa 2002 ba ya wuce gigabait 2, kuma har yau ana samun ofisoshin da suke ta jan irin wannan fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba su sani ba, ranar da ya cika sai ya tsaya cak. Outlook 2003 da 2007 sun kai iyakar zuwa gigabait 20, daga 2010 kuma zuwa 50, amma tun kafin a kai can fayil yake yin nauyi, gara a raba wasiƙu shekara-shekara.

Idan Thunderbird ne

Aikin Thunderbird ya fi kwantar mini da hankali, domin yadda yake ajiye saƙo a fili yake. Kowane dosiye fayiloli biyu ne masu suna ɗaya. Na farko ba shi da ƙarshen suna, kamar Inbox ko Sent, kuma shi ne ainihin wasiƙun, a jere ɗaya bayan ɗaya cikin rubutu tsantsa, a tsarin da ake kira mbox. Na biyu mai ƙarshen .msf ne, shi kuwa fihirisa ne kawai. Kamar littafin bashin ɗan kasuwa ne da takardar da ke gabansa mai nuna shafin kowane mutum: idan takardar ta yage, bashin yana nan a rubuce, nemo shi ne ya yi wuya. Mafi yawan abin da ake kira ɓacewar saƙo a Thunderbird yagewar fihirisa ce. Idan aka ga dosiye babu komai a manhaja, amma fayil ɗinsa a faifai yana da ɗaruruwan megabait, to wasiƙun suna ciki.

Gyaran fihirisa shi ne a danna dosiyen da maɓallin dama, a shiga Propriétés, a danna Réparer le dossier, ko kuma a rufe manhajar a goge fayil na .msf, za ta gina sabo. Amma wannan ga dosiyoyin POP da na cikin gida ne. A dosiyen IMAP, wannan maɓalli yana watsar da abin da ke kwamfuta ya sake saukowa daga saba, kuma idan saba babu komai, an yi asarar kwafi na ƙarshe da hannun kai. Haka nan idan manhajar ta nemi izinin matse dosiyoyi, wato Compacter, a ƙi, har sai an gama komai.

Dawo da kwafin ajiya kuwa abu ne mai sauƙi. A rufe Thunderbird. A shiga kwafin ajiyar, a nemo fayil ɗin da ake so a cikin Mail idan POP ne, ko ImapMail idan IMAP ne, a kwafe shi ba tare da .msf ɗinsa ba, a sauya masa suna zuwa wani abu kamar TsohonInbox, a saka shi cikin dosiyen Local Folders da ke ƙarƙashin Mail a furofayil ɗin da ake amfani da shi, wato dosiyen da ke cikin Profiles. Da an buɗe manhajar zai fito a ƙarƙashin Dossiers locaux. Ƙananan dosiyoyi suna cikin wani dosiye mai ƙarshen .sbd, a kwafo shi tare, a ba shi sabon sunan da aka sa wa fayil ɗin, tare da ƙarshensa na .sbd. Ta wannan hanya ce kuma ake buɗe fayil na mbox da Google Takeout, shafin Google na sauko da kwafin akwatin Gmail, yake bayarwa, wanda Outlook ba ya iya karantawa kai tsaye.

Akwai wata dabara da ta sha fitar da ni kunya. Idan aka share saƙo a Thunderbird, ba ya fita daga fayil ɗin nan take, alama kawai ake sa masa, sai ranar da aka matse dosiyen yake tafiya da gaske. Alamar tana cikin wani layi a kan kowane saƙo mai suna X-Mozilla-Status. Saƙon da aka karanta yana ɗauke da 0001, wanda aka karanta kuma aka share yana ɗauke da 0009. Idan aka buɗe kwafin fayil ɗin da manhajar rubutu mai iya ɗaukar babban fayil, irin su Notepad++, aka mayar da 0009 zuwa 0001, aka adana, aka saka shi cikin Local Folders ba tare da .msf ba, saƙonnin da aka share za su dawo. A kuma leƙa ma'ajiyar killacewa ta manhajar kashe ƙwayoyin cuta, domin tana iya ɗauke fayil na Inbox sukutum saboda wasiƙa ɗaya mai cuta da ke cikinsa.

Giɓin da ke tsakani

Kwafin ajiyar Alhaji na ƙarshen watan da ya gabata ne, wanda sakatariyar ta yi a wani faifan waje da take ajiyewa cikin durowa a naɗe da leda saboda ƙura. Gyaran scanpst ya dawo da mafi yawan abin da ya biyo baya, amma wasiƙun da aka aika a makon ƙarshe sun tafi. Irin wannan giɓi da haƙuri ake cike shi. Wasiƙun da suka shigo cikin kwana 14 na ƙarshe mun same su a kan saba. Waɗanda aka aika kuwa suna hannun waɗanda aka aika wa, kuma sau da yawa amsar da mutum ya bayar tana ɗauke da wasiƙar farko a ƙasanta. Sakatariyar ta zauna da littafinta na fitar takardu, ta rubuta sunayen waɗanda aka yi hulɗa da su a makon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya suka sake turo mata.

Idan babu kwafin ajiya da aka yi da gangan, a nemi wanda ya samu bisa tsautsayi: tsohuwar kwamfutar da aka sauya, dosiyen Windows.old da yake saura na ɗan lokaci bayan sabunta Windows, ko Versions précédentes a cikin Propriétés na dosiyen da fayil ɗin yake, idan an taɓa kunna tarihin fayiloli. Fayil ɗin da aka goge kuma ana iya nemo shi da PhotoRec ko Recuva, bisa sharaɗin a daina rubuta komai a faifan, a kuma ajiye abin da aka samo a wani faifai dabam. A faifan SSD, wato na zamani marar juyawa, damar samun abin da aka goge kaɗan ce ƙwarai, domin shi yana share gurbin da kansa ba da jimawa ba.

Game da manhajojin gyaran .pst na kuɗi da suka cika intanet, wasunsu suna aiki, kuma yawancinsu suna nuna abin da za su iya cetowa kafin a biya, don haka kada a biya sai an ga wasiƙun da ake nema a jerin. Abin da nake hana mutane da babbar murya shi ne sauko da irin waɗanda aka fasa domin a same su kyauta, da kuma ɗora fayil ɗin a shafukan da suke cewa za su gyara shi a can wurinsu. Akwatin imel na ɗan kasuwa yana ɗauke da farashinsa, da sunayen masu ba shi kaya, da lambobin asusunsa na banki, da hoton fasfonsa. Ko mai gyara na cikin gari aka kai wa, ya fi kyau a zauna tare da shi, kuma in ya gama a tabbatar ya goge kwafin da ke na'urarsa.

Kafin a ce an gama, a jera saƙonnin kowane dosiye bisa kwanan wata, a bi su daga sama zuwa ƙasa ana neman watan da ya yi tsalle. A buɗe wasu daga cikin takardun da aka maƙala, tsofaffi da sababbi, domin saƙo yana iya dawowa da kansa lafiya amma takardar da ke jikinsa ta ƙi buɗewa. Kada a dogara da akwatin bincike a ranar farko, saboda manhajar tana ɗaukar lokaci kafin ta gama gina fihirisar bincike, sai a zaci abu ya ɓace alhali yana nan. Wanda yake so ya mayar da wasiƙun kan saba ta IMAP ya riƙa kwafa kaɗan-kaɗan, ɗari biyu ko uku a lokaci guda, kuma ya zaɓi kwafa maimakon matsarwa, domin intanet ɗinmu yana yankewa ba sallama. Google ma ya ƙayyade wa asusun Workspace megabait 500 a rana ta wannan hanya, wanda ya wuce haka ana iya dakatar da shi na ɗan lokaci.

A ranar da aka kammala a yi sabon kwafin ajiya, kuma a yi shi Outlook yana rufe ruf, a duba Gestionnaire des tâches, wato jerin manhajojin da suke aiki, a tabbatar bai maƙale a ɓoye ba, domin .pst da aka kwafa yana buɗe yakan fito a gurgunce. A riƙe faifai biyu ana musanya su, ɗaya a ofis ɗaya a gida, kuma a zare su daga kwamfuta bayan kwafi, tun da cutar da take kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa ba ta barin faifan da ta tarar a jone. Kada sabon kwafi ya danne na baya, a bar aƙalla uku masu kwanan wata dabam-dabam, saboda fayil yakan fara lalacewa makonni kafin a lura. Sau ɗaya a wata a ɗauko ɗaya a buɗe shi a Outlook a ga ko yana buɗuwa. Shi kuwa kwafin farko na fayil ɗin da ya lalace, wanda aka ajiye tun kafin a fara gyara, a bar shi inda yake na wasu watanni, domin sai ranar da wani mai kaya ya musanta ciniki ake tuna wasiƙar da ba a lura ta ɓace ba.